Kofin Azumi Da Masu Gudu Cikin Leda: Zufa Ba Kitse Ba Ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini, a kuma yi mini haƙuri idan na zarce abin da aka saba ba masu wasiƙa. Azumi ya ƙarato. A ƙauyukanmu na yankin Auyo samari sun fara share filin ƙwallo da karɓar kuɗin rajistar kofin azumi, a rediyo kuma masu tallar shayin rage teɓa sun hana mu sakat, kowa yana rantsuwa nasa ne zai narkar da kitse kafin sallah. Ni tsohon malamin ilimin halittu ne, na yi ritaya daga makarantun jeka-ka-dawo, yanzu alkama da shinkafa nake nomawa a filin noman rani na kwarin Haɗeja. Abin da na koyar a allo da abin da nake gani a bakin kanal sun taru a kan magana ɗaya: lafiyayyen mai azumi ba yunwa ce take kayar da shi ba. Guzurin da zai yi aiki da shi yana jikinsa, ya ishe shi har da saura. Gaggawa da ƙishirwa su ne suke kai shi ƙasa, kuma su biyun muke gayyata da kanmu duk la'asar.

Jiki yana da ajiya iri biyu. Duk abin da muka ci na hatsi da dangoginsa, ko tuwo ne, ko fura, shinkafa, gurasa, rogo ko dankali, hanji yana farfasa shi ya koma wani sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini. Wanda ba a buƙata nan take sai a ɗaure shi a adana a hanta da tsoka, a wata siffa mai suna gilaikojin, wadda wani Bafaranshe, Claude Bernard, ya fara cirowa daga hanta a 1857. Wannan ajiyar ba ta taka kara ta karya ba. Hantar babban mutum tana riƙe kimanin giram 100, tsokokinsa duka kuma wajen giram 400. Rabin kilo ke nan, ƙarfin da bai wuce kalori 2,000 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), kusan abincin yini guda. Ajiya ta biyu ita ce kitse, kuma nan dukiyar take. Siririn ɗan ƙodago mai nauyin kilo 65, wanda kowa zai ce babu ɗigon maiƙo a jikinsa, yana yawo da kitse kilo 7 ko 8, kowane kilo kuma yana ɗauke da kalori wajen 7,700. A lissafa: fiye da 50,000, ninkin waccan ajiyar sau ashirin da biyar.

To in haka ne, me ya sa mutum yake kasawa alhali bai taɓa ko kashi ɗaya cikin ɗari na kitsensa ba? Amsar tana wajen saurin kamawa. Duk macen da take girki ta san bambancin karan dawa da kututturen kirya. Kara da an ƙyasta ashana ya kama, ya yi bal-bal, ya tafasa ruwa, kafin ka juya ya zama toka. Kirya sai an yi mata fifita, ba ta ba ka dogon harshen wuta, amma za ta kwana tana ci. Sukari kara ne, kitse kirya. Kafin kitse ya amfani tsoka sai an ɓalle shi daga ma'ajiyarsa, ya hau jini, ya ratsa cikin ƙwayoyin tsoka, kuma sam ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin, yana ma cin iskar fiye da sukari kafin ya ba da ƙarfi daidai da nasa. Yawancin mutane ba sa iya ƙona fiye da rabin giram na kitse a minti ɗaya. 'Yan tseren da suka daɗe suna atisaye ne suke kai giram ɗaya. Rabin giram ya ishi mai tafiya a ƙasa, ya ishi mai juya ruwa a gona. Bai ishi mai tsere ba. Da zarar aiki ya wuce abin da kitse zai iya biya, cikon daga sukari yake fitowa, shi da yake iya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ko da iska ba ta wadata ba. Kullum jiki cakuɗa su yake yi, nauyin aikin ne yake sauya rabon. Ga gwajin da ba ya buƙatar na'ura: idan kana aiki kana hira da na kusa da kai ba tare da maganarka ta tsinke ba, kitse yana ɗaukar kaso mai tsoka. Idan haki ya hana ka haɗa jimla, sukarinka kake zubarwa.

Akwai kuma wata rowa da tsoka take da ita wadda mutane ba su sani ba. Sukarin da tsokar cinya ta ajiye nata ne ita kaɗai, ba ta iya mayar da shi jini don wata gaɓa ta amfana. Hanta ce kawai mai kyauta, kuma babban mai karɓa a wajenta ita ce ƙwaƙwalwa. Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da mutum yake kashewa a zaune, gulukos wajen giram 120 a rana, kuma ba ta ƙona kitse kai tsaye. Ashe ɗan abin da ke hanta ba na wasa ba ne.

Mu bi yinin mai azumi. Bayan sahur, awa uku zuwa huɗu hanji yana ta tura abinci cikin jini, sinadarin insulin yana sama, shi kuwa aikinsa ya ce a ajiye, kada a taɓa kitse. Daga hantsi insulin ya fara sauka, hanta ta fara sakin abin da ta tara a hankali, ƙofar kitse ta buɗe. Kafin la'asar tsokar mutumin da ba ya aikin ƙarfi ta koma dogaro da kitse sosai, ta bar wa ƙwaƙwalwa sukarin. A lokaci guda hanta tana ƙera sabon gulukos daga tarkacen da tsoka ta bari, da wani ɓangare na kitsen da aka fasa, da ɗan furotin. Azuminmu a nan daga biyar da 'yan mintuna na asuba ne zuwa shida da rabi da ɗoriya, awa 13 zuwa 14, ajiyar hanta kuwa sai mutum ya kai wajen awa 24 bai ci komai ba take kusan ƙarewa. Shi ya sa sukarin jinin lafiyayyen mai azumi ba ya faɗuwa inda zai cutar da shi. Ciwon kan nan na kwanakin farko, galibi rashin barci ne da ƙarancin ruwa da kewar shayi ko goro.

Yaranmu masu waya suna kawo mini labarin wani abu wai kiton, suna cewa idan ka yi azumi jiki yana daina amfani da sukari gaba ɗaya. Abin yana da asali, amma ba a azuminmu ba. A 1967 ayarin likita George Cahill a jami'ar Habad ta Amurka ya auna wasu masu ƙiba uku da suka yi mako biyar zuwa shida ba abinci sai ruwa da gishiri a ƙarƙashin kulawar asibiti, ya gano fiye da rabin abin da ƙwaƙwalwarsu take ci ya koma kiton, wanda hanta take haɗawa daga kitse. Wannan dabarar yunwar kwanaki ce. Wanda zai ga ƙosai da kunun tsamiya da magariba, ya bi da tuwo bayan asham, ya tashi sahur, bai ko kama hanyar can ba.

Dubi Bafulatanin da yake kora shanu daga rugarsu zuwa fadama. Yana azumi, yana tafe tun hantsi, sanda a wuya, ba ya sauri ba ya tsayawa, ya dawo da yamma da ƙafarsa. Dubi kuma masu loda buhunan shinkafa a babbar mota, buhu a ka, a hau katako da sassarfa, a sauko a ɗauki wani. Na farkon kitsensa yake ci, zai iya kwana a haka. Na biyun a cikin awa biyu sun yi wa sukarin cinyarsu mummunan ɓarna. Sabo ma yana da nasa rabon. Tun 1967 wani masani, John Holloszy, ya nuna a jikin ɓerayen da ya saba wa gudu cewa sassan da suke ƙona abinci a cikin ƙwayoyin tsokarsu sun kusa ninkawa. Tsokar da ta saba da doguwar wahala ta fi iya cin kitse, ta fi tattalin sukarinta. Abin da ya sa dattijo ɗan shekara sittin yake yini da lauje, ɗan birnin da ya zo hutu ya kwanta a inuwar darbejiya tun walaha, ke nan.

Labarin da ɗalibaina suka fi so shi ne na wasu likitoci biyu 'yan Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman. A 1966 suka sa keken atisaye a tsakaninsu, kowa yana tuƙa feda ɗaya da ƙafa ɗaya har ta gaza, ɗaya ƙafar tana hutawa, sannan suka tsakuro tsokar cinyoyinsu da allura suka auna. Ƙafar da ta yi aiki ta ƙare ajiyarta kakaf, wadda ta huta tata tana nan. Da shekara ta zagayo suka gwada wasu mutane da abinci iri uku, suka sa su tuƙa keke da ƙarfi har su kasa. Bayan kwanaki na nama da mai zalla, minti 57 suka yi. Da abinci na yau da kullum, 114. Da abinci mai yawan sitaci, 167. Mutanen ɗaya ne, kitsen jikinsu bai ragu ba, ƙaramar ajiyar ce kawai ta bambanta. Masu gudun famfalaƙi na kilomita 42 sun san wannan a jikinsu, domin a wajen kilomita 30 zuwa 35 ne ƙafa take ƙin ɗaguwa idan sukari ya ƙare. Eliud Kipchoge na Kenya, ranar da ya gama wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a Oktoban 2019, masu keke ne suke bin sa suna miƙa masa gorar ruwan sukari a hanya.

Sai mu zo kan kofin azumi. Ƙwallo ba tafiyar makiyayi ba ce, fizga ce: a ruga, a tsaya, a yi tsalle, a sake rugawa. Duk fizga daga sukari take. Mu kuma mun ɗauki wasan mun ajiye shi ƙarfe huɗu da rabi, a busasshen fili, ga yaran da rabonsu da ruwa awa goma sha ɗaya, wasunsu ma daga gona suka zarce. Idan ka yi magana su ce ai 'yan wasan Turai ma suna bugawa da azumi. Suna bugawa, amma a wane yanayi? A Afrilun 2021, a gasar Firimiya ta Ingila, an tsayar da wasan Leicester da Crystal Palace da rana ta faɗi don Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa. A ƙasar sanyi ke nan, da likitoci a gefen fili. A nan Maris da Afrilu ma'aunin zafi yana haura 40, wanda ya ga azumin 2024 ba sai an ba shi labari ba. Gaskiya ne watan yana ja da baya kwana 10 ko 11 duk shekara, yana shiga ƙarshen hunturu, sai dai busasshiyar iskar lokacin tana shanye gumi kafin mai shi ya gan shi, ya ɗauka bai yi asarar komai ba.

Ruwa shi ne abin da jiki ba shi da ma'ajiyarsa. Mai aikin ƙarfi a zafi yana zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. Da ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙasa da lita ɗaya da rabi ga mai kilo 65, jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, jiki ya fara kasa sanyaya kansa. Wani abin haushin, zafi da ƙarancin ruwa suna ƙara saurin cin sukarin tsoka. Wato mai gudu a rana da niyyar ƙona kitse, ainihin abin da yake yi shi ne tura jikinsa ya bar kitsen.

Ɗan ƙanena yana cikin waɗanda suka ɗauko wannan ɗabi'a a waya. Saurayi ne mai tsaron shago, zaman wuri ɗaya ya fara fito masa da tumbi, ga maganar aure. Azumin bara ya samu ledar cikin buhun taki, ya huda mata wuya da hannuwa, ya sa ta a ƙarƙashin rigar sanyi, ya riƙa bin gefen kanal da gudu bayan la'asar. Wata rana ya biyo ta rumfar da muke awon shinkafa. Da ya ɗaga ledar sai ruwa ya tsiyayo ya jiƙa yashi, leɓensa ya yi fari ya tsage, gishiri ya yi zane a ƙugun wandonsa. Ya hau sikelin buhu, allura ta nuna ya ragu da kilo ɗaya da rabi daga awon safe. Yana haki ya ce, "Baffa, ka gani ko? Kitse ne yake narkewa." Na ce masa, "Ɗana, je ka sha ruwa, bayan asham ka dawo mu sake." Ya dawo cikinsa fal da zoɓo da taliya, allura ta wuce inda take da safe. Ya duba ƙasan sikelin, ya ce ƙila tsakuwa ce ta shiga.

Lissafin ba shi da wuya. Mai gudu yana kashe kimanin kalori ɗaya ga kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 70 da ya yi kilomita 10 ya kashe 700. Ko da a ce duka daga kitse suka fito, wanda ba ya yiwuwa, bai kai giram 100 ba. Kafin ya sauke kilo ɗaya na kitsen gaske da gudu kawai sai ya yi kilomita 110, wajen rabin hanyar Haɗeja zuwa Kano. Sauran abin da sikeli ya nuna ruwa ne. Har ramar makon farko na azumi da ake murna da ita, yawancinta ruwa ce, domin kowane giram na gilaikojin yana riƙe da ruwa wajen giram uku, idan ya tafi da shi yake tafiya.

Kitsen da aka ƙona ma ba ta fata yake fita ba, ba kuma ta bayan gida ba. Ta huhu yake fita. Wasu masana biyu a Ostireliya sun bi lissafin a 2014: cikin kilo 10 na kitsen da jiki ya ƙona, kilo 8.4 numfashi ne yake fitar da shi a matsayin iskar kabon, 1.6 ne kawai yake zama ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin masu shayin rage teɓa. Da yawan irin waɗannan haɗe-haɗen, filasko ne ko wani abu mai sa gudawa da yawan fitsari a ciki. Mai saye ya kwana yana zarya bayan gida, da safe ya ga ciki ya lafe, ya ce magani ya yi aiki. A ba mai azumi abin da zai wanke masa ruwa da gishirin jiki da daddare, sannan ya wayi gari ba zai sha ba sai magariba, wannan ba ciniki ba ne, ganganci ne da ƙodar mutane. Ina mamakin gidajen rediyon da za su gama tafsiri su saka irin wannan talla.

Za a ce to ai motsa jiki da yunwa ya fi ƙona kitse. A lokacin da ake yin sa, haka ne. Amma jiki ba ya rufe lissafinsa a awa ɗaya. Abin da aka ci daga kitse da rana, idan dare ya kawo rara, can ake mayar da ita. A 2014 an gwada wannan a Amurka da 'yan mata 20 na tsawon mako huɗu, an daidaita musu abinci, rabi suna atisaye kafin su karya, rabi bayan sun karya. Duka sun ragu, kuma babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. Binciken da aka tattara kan masu azumin Ramadana a ƙasashe daban-daban shi ma ya nuna ragin bai fi kilo ɗaya da ɗan abu ba, kuma yawanci yana dawowa cikin makonni bayan sallah. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga tabarmar shan ruwanmu. Cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, ƙosai da soyayyar doya kuwa ba cokali ɗaya suke sha ba. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50. Gudun da yaro ya kusa halaka kansa a kai, faranti ɗaya ya biya shi.

Ban ce kada a ci ba. Mai aikin ƙarfi dole ya cika ƙaramar ajiyarsa, kuma tsokar da aka zazzage tana ɗaukar kusan yini da kwana kafin ta cika, don haka daga shan ruwa ake fara shirin gobe. Dabino da ruwa da farko, kamar yadda sunna ta koyar, suna isa jini da wuri. Sai abinci na gaske mai miya, saboda gishirin da gumi ya kwashe. Ruwa kuma a riƙa kurɓa har a kwanta, ba a ɗura buta guda ana kiran assalatu ba, domin ƙoda za ta zubar da rarar kafin hantsi. Sahur da aka ce mu yi saboda albarkar da ke cikinsa, mu kuma jinkirta shi, shi ne yake mayar wa hanta abin da ta kashe cikin dare. Wanda ya ƙi tashi ya mayar da azuminsa awa 20. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, garau-garau, fura da nono, kunun gyaɗa, duk suna narkewa a hankali. Shayi mai sukari da burodi kuwa kafin a yi walaha sun wuce.

Akwai waɗanda ba a ko ambatarsu idan ana wannan magana, su ne matanmu. Aikin da ya fi nauyi a gida, daka da tuƙin tuwo da suya a gaban murhu, ya faɗo daidai lokacin da ya fi muni, daga la'asar zuwa magariba, a madafin da rufin kwano ya yini yana gasawa. Maigida yana kwance a zaure da carbi yana tambaya ko kunu ya yi. Surfe da jiƙon wake da ɗebo ruwa za su iya komawa safiya, niƙa a kai inji, yara maza da suke zaman jiran ƙwallo su kawo itace. Mai shayarwa kuma ruwanta biyu ake sha.

Mu masu gona ma da namu laifin. Jinga muke bayarwa, a yanke kadada a biya, ita kuwa jinga gaggawa take koyarwa, kowa yana so ya gama ya kama wata. A watan azumi ya kamata a shiga yankan alkama da an idar da asuba, lokacin da sahur yake ciki, gari da sanyi, a tashi kafin sha ɗaya. Bugu da loda mota a bar su sai dare. Idan kuma ɗan ƙodago ya fara layi, ko maganarsa ta rikice, ko jikinsa ya yi zafi rau, ba aljanu ba ne, ba kuma ragwanci ba. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwan kanal, a yi masa fifita, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ya sha, a nemi babur zuwa asibiti. Fiƙihun da muka karanta a zaure ya wajabta wa wanda ya ji tsoron halaka ya sha ruwa ya rama daga baya.

Duk abin da na faɗa na masu lafiya ne. Mai ciwon suga lissafinsa daban, musamman mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar gilibenkilamaid, domin maganin yana ci gaba da sauke sukari ko an ci ko ba a ci ba. Rawar hannu, gumi mai sanyi, bugun zuciya da duhun gani alamu ne na faɗuwarsa. Ƙa'idar da likitocin ciwon suga suka fitar game da Ramadana ita ce, idan awon sukarin jini a ma'aunin mg/dL ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira salla. Irin wannan mutum ya je asibiti tun kafin a ga wata a gyara masa lokacin shan magani.

Roƙona ga shugabannin matasa da masu sa kofi, har da 'yan siyasar da suke sayen riguna a buga sunansu a baya: a mayar da wasannin nan bayan asham, lokacin da yara suka sha ruwa abinci ya shiga. Inda babu wuta, a jinkirta farawa yadda za a tashi daf da kiran salla, a rage kowane zagaye zuwa minti 25, a bar canjin 'yan wasa ba iyaka, a ajiye baho cike da ruwa a gefen fili don jiƙa kai. Wanda yake son rage tumbi kuma ya cire leda, ya yi tafiyar sauri ta rabin awa kafin magariba ko bayan isha'i, ya rage suya, ya ɗore a haka har bayan sallah. A nan yankinmu, duk ƙungiyar da ta yarda ta koma wasan dare zan ba ta aron janareta da fitilu biyu da nake amfani da su a masussuka. Man fetur dai nasu ne.

Na gode, Malam Edita. Allah ya kai mu watan lafiya.

Naku,
Tsohon malamin ilimin halittu,
daga ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa.